Tsamiyar da Na Zubar Kafin Zaure

'Yata Rabi ce ta dawo daga wani biki a Kabo ta same ni zaune a ƙofar gida. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce wai a can ta ji mata suna cewa ni na sayar wa Turawa maganin Inna mahaifiyata, da kuɗin na gina wannan gida na Gwarzo, kuma baƙin cikin haka ne ya kashe tsohuwa. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na dube ta, na juya na dubi gidan da ake magana, wanda har yau ɗakin baya bai ga filasta ba, na rasa dariya zan yi ko faɗa. Na san inda zancen ya fito. Baffanku Ilu ne, shekara da shekaru yana yawo da shi a baki kamar goro. To ku saurara, ku duka biyar. Ban sayar da komai ba, kuma ban taɓa zama da Bature a kan maganar nan ba. Amma kada ku yi saurin murna, domin abin da na yi wa Inna ya fi sayarwa muni, kuma shi ne Ilu bai sani ba.

Kun taso Inna ta riga ta ajiye wuƙa, ba ku san ta a kan aikinta ba. A bayan gidanmu na Gammo akwai bishiyar minjirya guda, mai ƙaya a jiki, wadda take zubar da ganye da rani sannan ta yi jan fure. Inna ba ta cikin masu maganin nan da ke warkar da basir da mayu da rashin kasuwa duk da ƙullin gari ɗaya. Abu ɗaya ta sani, kuma ta san shi ciki da bai. Matar da gabanta ke faɗuwa ba gaira ba dalili, wadda ta haihu lafiya amma ta kasa runtsawa tana ta taɓa jariri ta ji ko yana numfashi, wadda in aka yi sallama da ƙarfi sai kwano ya suɓuce mata, irin waɗannan ake kawo wa Inna, har daga Lakwaya. Takan sassaƙi ɓawon a tsaye, kaɗan ta gabas kaɗan ta yamma, ta shafe wurin da laka. Ta shanya a inuwa, ta daka, ta jiƙa a ruwan tsamiya cikin tukunyar ƙasa ya kwana, ta tace, ta dama kunu da shi. Awo kuwa da ido take yi, ta dubi mace ta san abin da za ta iya ɗauka. Ba ta taɓa cewa tana korar aljanu ba, kuma in ta ga abu ya fi ƙarfin kunu, ita da bakinta take cewa a tafi asibiti.

Ni a lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na sashen haɗa magunguna a wata jami'a a Kano. Ba malami ba ne ni, kada ku ƙara mini girman da ban samu ba. Ni ne mai wanke kwalabe, mai auna gari, mai tace ruwa, mai ciyar da fararen ɓeraye, wanda ya san wace na'ura ce sai an mare ta a gefe take tashi. Shugabana wani ne da kowa ke kira Dakta. Ba zan rubuta sunansa ba, don 'ya'yansa ba su yi mini komai ba. Ya samu aikin binciken itatuwan da mutanenmu ke sha don kwanciyar hankali, yana neman masu magani, sai bakina ya yi mini ƙaiƙayi na ce ai uwata ma tana yi. Ba wanda ya matsa mini. So nake a san ni ma daga gidan sani na fito.

Mun je Gammo Inna tana cikin takabar Baba, don haka ba ta fito ba, Dakta kuma ba shi da hanyar shiga. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, yana riƙe da fom da biro, ni na zama ɗan aike tsakaninsu: in ɗauki tambaya in shiga, in ɗauko amsa in fito. Daga ƙofar ɗakin Inna zuwa zaure bai fi taku ashirin ba. Da na kai mata tambayar yadda ake haɗawa, ta gyara zama ta zayyana mini komai, daga laka har tukunya. Har ta kama hannun rigata da zan tashi.

"Ka gaya masa tsamiyar ta bara ta fi, wadda ta yi baƙi. Sabuwa ba ta da ƙarfi."

Na ce to. Ina tafe ina juya maganar. Satin da ya wuce mun je wajen wani mai magani a birni, mai kwalabe da takardu a manne da hoton kansa a bango, Dakta yana ta jinjina masa. Ni kuma zan fito in ce uwata kunun tsamiya take damawa, kamar muna shirin buɗa baki? Na ce a raina ai tsamiyar nan don kashe ɗaci ce kawai, dabarar mata ce. Layin da aka bari a fom ɗin ma bai kai tsawon yatsa ba.

"Yaya take haɗawa?" in ji Dakta.

"Jiƙawa take yi a ruwa, ranka ya daɗe."

"Ruwa kawai?"

"Ruwa kawai."

Ya rubuta. Muka sassaƙi ɓawo cike da buhu muka koma Kano.

Yadda ake gwajin ba wuya. Akwai wani katako da aka ɗaga sama mai hannu huɗu, biyu an yi musu bango, biyu a buɗe. Ɓeran da ke cikin tsoro yakan maƙale a inda ke da bango, ba ya fitowa. In an ba shi abin da ya kwantar masa da hankali, sai ka ga ya taka fili yana leƙe-leƙe. Ni na jiƙa ɓawon Inna a ruwa, ni na tace, ni na ɗura wa ɓerayen, ni na zauna da agogo ina kallo. Ba wanda ya fito. Aka sake, aka ƙara yawa, suna nan a lungu kamar an ɗaure su. Wallahi ko sau ɗaya tsamiya ba ta faɗo mini a rai ba. Abin da na ji kawai shi ne ashe tsohuwa ruwan ɗaci take ba mutane, kuma na soma jin nauyin haɗa ido da Dakta.

Sai aka shirya taro a Gwarzo na ungozomomi da ma'aikatan lafiya, don a gaya musu abin da bincike ya gano. A nan ne har yau in na tuna jinina yake tafasa. Dakta ya san sakamakon, ya kuma ce in gayyato Inna. Na ɗauka zai tsallake nata, ko ya faɗa da sakayawa. Ban gaya mata komai ba, tsoro ya hana ni. Ta zo da sabuwar atamfa, ta zauna a layin gaba, mata suna ta gaishe ta. Ni ina gefe ina kula da majigi. Da aka zo kan hoton minjiryarmu, da katangar gidanmu a bayanta ƙarara, Dakta ya yi murmushi ya gyara lasifika.

"Wannan kuma ta Gammo ce. Mun gwada, mun sake gwadawa. Ɓerayenmu sun sha, sun gode, amma ba abin da ya canja. Iyayenmu mata, a yi haƙuri, ba kowane ɗaci ne magani ba."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi, kuma na ji muryoyin waɗanda Inna ta yi jinyar matansu. Mutumin da ya zauna a zaurenmu, ya sha furarmu, bai ga ya dace ya kira tsohuwa gefe ya gaya mata ba, sai a gaban jama'a, don a ce ya iya barkwanci. Inna ta jira ya gama, ta tashi, ta kakkaɓe zani, ta fita. Na so in bi ta, amma hoto na gaba yana jirana, sai na zauna na danna. Bayan taron aka ba Madam Saratu, babbar ungozomar asibiti, 'yar kudancin Kaduna da ta shekara ashirin tana karɓar haihuwa a garin nan, takarda ta manna a bango, mai jerin itatuwan da aka ce ba su da amfani. Minjirya ce ta biyu.

Da na je Gammo ranar Juma'a na tarar wuƙar sassaƙen tana soke a rufin ɗaki.

"Na ajiye," ta ce. "Tunda masu ilimi sun duba sun ce ruwa nake ba bayin Allah, ba zan ƙara ɗaukar alhakin kowa ba."

Ba fushi a muryarta, kuma wannan ya fi ci mini rai. Ta yarda da su. Matar da ta shekara arba'in tana ganin mata suna samun barci a hannunta ta ɗauki maganar ɓera ta ɗora a kan idonta, saboda ɗanta yana cikin masu binciken, kuma ɗanta ba zai yi mata ƙarya ba. Mata suka riƙa zuwa tana mayar da su. Daga baya suka daina zuwa. Tsakar gidan da ba a rasa baƙuwa a cikinsa ya koma sai kaji.

Damina ta wuce, aka haife ki, Rabi. Ummanku ta tashi daga haihuwar nan da irin ciwon da na ba ku labari. Ba ta barci, abinci ba ya shiga, in kika yi shiru ta ce kin mutu, in kika yi kuka ta ce za ki mutu. Mun je asibiti sun duba ta, sun ce jikinta lafiya, a dai kula da ita. Inna ta zo ta zauna mana. Na roƙe ta, ta ce ta ajiye. Ganin haka na hau babur na tafi Gammo, na sassaƙo ɓawon da kaina, ni da na ce ba ya aiki, don wanda ya rasa abin yi ba ya zaɓe. Na shanya, na daka, na jiƙa a roba. Da safe ina tacewa a tsakar gida Inna tana zaune a kan tabarma tana kallona, har dai ta kasa daurewa.

"Kai Haladu, ina tsamiyar?"

"Ai za ta iya shanye ɗacin, Inna."

"Wane ɗaci? Wa ya ce maka don ɗaci ake sawa? Ruwa ba ya fito da shi. In a ruwa ka jiƙa, ko shekara zai yi, wankin itace ka ba ta. Tsami ne ke jawo shi."

Na tsaya da rariyar tacewa a hannuna. Ni fa kullum a wurin aiki sai na ɗiga ruwan asid a cikin jiƙo, domin akwai sinadaran da ba sa barin itace sai ruwa ya yi tsami. Yaron da ya yi wata uku a ɗakin gwaji ya san wannan. Na san shi a kwalba mai lamba, na gan shi a tukunyar uwata na ce dabarar mata ce. Ina tsaye a haka sai na ga ta ƙura mini ido.

"Su mutanen naka, a me suka jiƙa?"

"Ban sani ba, Inna. Ba ni na yi wannan ɓangaren ba."

Ƙarya ta biyu ke nan, kuma na yi ta ina kallon idonta. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta aika aka sayo tsohuwar tsamiya, ta zauna daga nesa tana gaya wa ƙanwar Ummanku abin da za ta yi, ita ba ta taɓa ba. Cikin kwanaki Ummanku ta soma barci.

Na koma Kano da tsamiya a leda. Ban gaya wa kowa ba, na jiƙa ragowar ɓawon yadda Inna ta ce, na ɗura wa ɓera, na ɗora shi a katako. Ya ɗan tsaya a lungu, sai ya fito fili, ya taka har ƙarshe, ya zauna yana wanke fuska. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Na zauna a kujera na yi kuka kamar yaro. Da na kira Dakta ya gani, sai da ya cire tabarau ya goge. Daga nan aiki ya tashi haiƙan. Muka yi watanni muna rarrabe jiƙon nan, muna tacewa muna gwadawa, har aka ware sinadarai biyu da su ne ke kwantar da ɓeran ba tare da sun sa shi barci ba. Ranar da sakamakon ya tabbata Dakta ya saya wa kowa tsire.

Sai ya nuna mini abin da ya rubuta don bugawa a wata mujallar ƙasar waje. Turancina ba mai yawa ba ne, amma ya isa in gane an ce jiƙawa a ruwa mai tsami hanya ce da aka ƙirƙiro a ɗakin gwajinmu. Na duba daga sama har ƙasa, ba Inna, ba Gammo. Na gaya masa gaskiyar abin da ya faru a zaure, na ce abu biyu nake roƙo: a sa sunanta, kuma ya koma Gwarzo ya warware abin da ya faɗa.

"Haladu, kai ma dai. In muka ce fom ɗin farko da kuskure, sauran itatuwan ma sai a ce da kuskure. Kana so ka rushe aikin shekara biyu saboda kunu? Kuma kai za a fara kamawa, ka sani. Bari in sa sunanka a takardar, ga maganar ƙarin girmanka tana kan teburina. Tsohuwa me za ta yi da suna a mujalla? Ka kai mata atamfa."

Atamfa! Da atamfa ta zo aka yi mata dariya. An kunyata ta da Hausa, da lasifika, a gaban maƙwabtanta, za a wanke ta da Turanci a ƙasar da ba ta san da ita ba, kuma ko a can ɗin ba da sunanta ba. Ba zan ɓoye muku ba, na yi sati biyu ina auna maganar, don ina son ƙarin girman nan kamar raina. Abin da ya yanke mini shawara shi ne na kai Ummanku asibitin Gwarzo rigakafin Rabi, na ga takardar nan tana nan a bango, rana ta cinye ta, amma minjirya tana karantuwa.

Na rubuta wa shugaban sashe takarda na faɗi abin da na yi da abin da aka yi. Sannan ranar awon masu ciki, lokacin da benci ya cika, na roƙi Madam Saratu ta ba ni minti biyar. Na tsaya a gaban mata sun fi hamsin, namiji ni kaɗai. Na ce ni ne Haladu ɗan Inna ta Gammo. Na ce abin da aka faɗa a kan maganinta ba haka ba ne, ta faɗi daidai, ni na rage a hanya, kuma da aka bi yadda ta ce an samu abin da ta ce. Wata daga baya ta ɗaga murya.

"To kai da uwarka ta aike ka, me ya kai ka ragewa?"

Sai Madam Saratu ta tashi ta je bango ta ɓamɓare takardar da farce, ta ninke ta, ta miƙo mini.

"Malam Haladu, kai wa Mama. Ka ce Saratu tana roƙon ta yafe mata, ni ma da hannuna na manna."

Abin da ya biyo baya kun san shi, ko da ba ku san dalili ba. Aka ba ni takardar tuhuma, aka ce na ɓata bayanan bincike, wanda gaskiya ne, kuma na yi magana da jama'a ba da izini ba. Aka ɗauke ni daga ɗakin gwaji aka kai ni sito ina ƙirga kwalaben da a da nake aiki da su. A matakin da nake a ranar, a nan na yi ritaya. Takardar Dakta ta fito ba sunana, ba na Inna, an dai ƙara layi ɗaya a ƙasa ana gode wa masu maganin gargajiya na yankin. Shi ya ci gaba, ya zama abin da ya zama. Har ya bar aiki bai taka Gwarzo ba. Wannan shi ne cinikin da Baffanku Ilu yake cewa na yi, ku gaya masa in ya san inda ribar take ya zo ya nuna mini.

Kuma kada wani cikinku ya karanta wannan ya ɗauki wuƙa ya nufi minjirya. Ɓera ba mutum ba ne, abin da aka gano a kansa mafari ne kawai. Awon da Inna ke yi da ido kuwa ba ta koya wa kowa ba. Ƙanwata Hajara ce ta soma koya kafin taron nan, daga ranar ta ce ba za ta gaji abin dariya ba, ta bari. Yanzu itacen yana nan, sinadaran suna da sunaye a littafi, amma wanda ya san ludayi nawa za a ba mai jego babu shi. Wannan ma a wuyana yake.

Da yammacin ranar awon na tafi Gammo da takardar Madam Saratu a aljihu. Na tarar da Inna a ƙofar ɗaki tana ɓare gyaɗa. Labari ya riga ni zuwa. Na durƙusa na ajiye takardar a gabanta, na faɗa mata komai, har da ƙaryar da na yi mata ranar rariya. Ta ce ai tun ranar ta sani. Na roƙe ta ta sauko da wuƙar, na ce mata za su dawo. Ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta ce hannunta ya riga ya yi sanyi. Wasu matan sun dawo ɗin, ta yi musu addu'a ta sallame su. Ba ta ƙara sassaƙa ba har Allah ya karɓi abinsa bayan shekara uku, kuma ciwon ajali ne, ba baƙin cikin Turawa ba.

Amma a ranar, da na yunƙura zan tashi, ta ce in zauna.

"Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Daga nan zuwa zaure, me ya sa ka zubar da tsamiyar?"

"Kunya na ji, Inna."

Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta, ba ta dube ni ba.

"Kunyar tsamiyar, ko tawa?"

Na ce mata ta tsamiyar. Ta ce to, Allah ya yi maka albarka, tashi kada magariba ta same ka a hanya. Wannan ita ce ƙarya ta uku, kuma ita kaɗai ce ban samu na warware ba tana da rai. Rabi, in kin koma Kabo suka sake tayar da zancen, ki gaya musu ubanki bai sayar da maganin uwarsa ba. Ki ce kunyarta ya ji.